Dabarar da Ba Ta Cikin Littafin Aiki

A watan Afrilun 1972 ma'aikatan jirgin ƙasa na Birtaniya suka shiga takun-saƙa da hukumarsu a kan albashi. Ba su ajiye aiki sun tafi gida ba. Sun ƙi yin obataya, sannan suka ɗauko littafin dokokin aiki da hukumar ta rubuta musu da hannunta, suka ce daga yau ko wasali ba za su tsallake ba. Abin da littafi ya ce a duba sai an duba, inda ya ce a jira sai an jira. Kafin a ankara sufurin jirgin ƙasa ya dagule, har gwamnati ta garzaya kotu. Kotun ɗaukaka ƙara, ƙarƙashin Lord Denning, ta yanke cewa bin doka da niyyar gurgunta aiki saɓa yarjejeniyar aiki ne. Wato an kama mutane da laifin yin abin da aka rubuta musu su yi.

Abin yana da ban dariya, amma akwai magana a ciki. Idan bin littafi harafi da harafi yana tsayar da jirage, to a ranakun da jirage ke tafiya lafiya ba littafin kaɗai ke tafiyar da su ba. Akwai abin da direba da mai ba da hannu da mai duba taragu suke ƙarawa daga kansu: sanin wace doka ce ba a wasa da ita, wacce ce aka rubuta don wani zamani da ya wuce, da yadda ake lallaɓa kayan aikin da ya tsufa. Masana yanayin aiki na Faransa sun daɗe da raba abu biyu, aikin da aka tsara a takarda da aikin da ake yi a zahiri. Tsakaninsu kullum akwai giɓi, kuma da dabarar kewaye ake cike shi. Ma'aikaci ya tarar da hanyar da aka shata masa a toshe, sai ya zaga ta wata don kada aiki ya tsaya. A ofisoshinmu da asibitocinmu sunanta maneji.

Shugabanni suna kallonta ta fuska biyu. Wasu suna ganin rashin ɗa'a ce, wanda aka kama a ba shi takardar tuhuma. Wasu kuma suna jin daɗinta, su ce wane ai jarumi ne, ko babu komai a sito sai ya san yadda ya yi. A ganina duka biyun asara suke yi, kuma asara iri ɗaya. Kowace dabarar kewaye tana ɗauke da labari guda biyu: inda tsarin ya karye, da kuma yadda wani mai hankali ya tsallake karayar. Mai tsawatarwa ya kori labarin zuwa ɓoye, mai yabo kuma ya karɓi amfanin bai tambayi labarin ba.

Ban san wurin da aka fi bin diddigin wannan al'amari ba kamar kamfanin Xerox, mai ƙera injinan fotokofi. A shekarun 1980 wani mai nazarin halayyar al'umma a cibiyar binciken kamfanin da ke Palo Alto a Kalifoniya, Julian Orr, ya ɗauki lokaci yana bin masu gyaran injinan duk inda suka sa ƙafa. Shi kansa ya taɓa yin aikin gyara, don haka ya san abin da yake kallo. A tsarin kamfani aikin mai sauƙi ne. Inji zai nuna lambar matsala, mai gyara ya buɗe kundi, kundi ya ce duba kaza, in ka ga kaza canja kaza. An gina kundin ne a kan cewa injinan duka iri ɗaya ne, kuma mai gyara ba ya bukatar sanin dalili, umarni kawai zai bi.

Abin da Orr ya gani daban ne. Injinan da suka fito daga masana'anta ɗaya ba sa zama iri ɗaya bayan shekara biyu. Wannan yana ɗaki mai danshi, wancan yana shan ƙura, wancan kuma mutum hamsin ke murza shi kowa da irin hannunsa. Matsala biyu su haɗu su haifi ta uku wadda babu ita a kundi, ko inji ya nuna lambar da ba ta da alaƙa da ainihin ciwon. Duk bakaniken da ya daɗe a gareji ya san wannan, motoci biyu ƙirar shekara ɗaya, kowace da halinta. Masu gyaran Xerox sun san injinan yankinsu kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Idan kundi ya ƙare musu, sai su koma ga juna. Suna haɗuwa wurin karin kumallo da abincin rana, suna ba da labarin injin da ya ba su wuya da yadda suka shawo kansa. Manaja da zai leƙo sai ya ce hira ake yi a lokacin aiki. Orr ya ce ai wannan hirar ita ce makarantar. Ya ba da labarin wani inji da ya gagari mai gyara, aka kira ƙwararre shi ma ya rasa ta cewa. Suka shafe kusan awa 5 suna gwaji suna tuno wa juna injinan da suka taɓa yin makamancin wannan hali, har suka haɗa labaran suka gano ciwon. Bayan watanni sai ga labarin yana yawo a bakin wasu masu gyaran, an taƙaita shi, ya zama kayan aiki.

Sai dai ilimin da ke yawo a teburin shayi iyakarsa teburin. Mai gyara a wani gari zai kwana yana fama da abin da aka warware a gari na kusa tun bara. Matakin farko da kamfanin ya gwada mai sauƙi ne, aka raba wa wasu masu gyaran rediyon oba-oba don su ci gaba da hirar suna bakin aiki. Babban matakin ya zo ne a tsakiyar shekarun 1990, kuma ta hanyar da masu binciken ba su nufa ba. Sun fara da gina manhaja mai gano ciwon inji da kanta. Da suka nuna wa masu gyara a Faransa, sai aka yaba musu, sannan aka gaya musu gaskiya: matsalolin da manhajar ta sani mun riga mun san su, waɗanda ba a rubuta ba su ne ke ba mu wahala. Da yawansu ma suna da 'yan takardunsu na dabaru da suke yawo da su. Daga nan aka juya akalar aikin, aka gina rumbun da masu gyara za su zuba dabarunsu da kansu, aka sa masa suna Eureka. A Faransa ya fara aiki ta kan Minitel, na'urar sadarwar da Faransawa ke amfani da ita kafin intanet ta game duniya, daga baya ya je Kanada da Amurka.

Abubuwa biyu a tsarin Eureka sun cancanci a tsaya a kansu, domin su ne suka raba shi da akwatin shawara da ke rataye a ƙofar ofis yana tara yana. Na farko, dabara ba ta shiga rumbu kai tsaye. Sai ta bi ta hannun mai tantancewa, wanda shi ma ƙwararren mai gyara ne da 'yan'uwansa suka yarda da saninsa. Zai gwada, ya tuntuɓi wanda ya kawo ta, su gyara lafazin tare, ya tabbatar ba maimaici ba ce kuma ba za ta ɓata wani abu ba. Na biyu, an yi tunanin biyan kuɗi a kan kowace dabara, masu gyaran da kansu suka ce a'a. Sun san halin mutum: in aka sa farashi, rumbun zai cika da tarkace. Abin da suka nema shi ne a rubuta sunan mai dabara a jikinta. Suna yana jawo girma a cikin abokan sana'a, yana kuma sa mutum ya yi hattara, don babu mai son a ga sunansa a kan shirme.

Zuwa shekarar 2000 rumbun ya tara dabaru kusan 30,000, kuma an ƙiyasta ya rage wa kamfanin asarar dala miliyan 100. Labarin da aka fi bayarwa shi ne na wani mai gyara a Burazil da ya yanke ƙauna a kan wani babban inji mai buga launi, yana shirin canja wa mai shi sabo a kan dala 40,000. Ya leƙa Eureka ya tarar da bayanin wani mai gyara na Montreal a Kanada. Ashe fiyus ne na santi 50, wato rabin dala. Amfanin da ba a cika ambato ba, wanda a wurina ya fi wannan, shi ne cewa injiniyoyin da ke zana injinan sun samu taga. Idan dabaru goma suka taru a kan sashe ɗaya na inji, ba sai an gaya musu cewa sashen nan yana da lahani tun daga zane ba.

To me ya sa abin da ya yiwu a Xerox ba ya faruwa da kansa a ko'ina? Amsar da ta fi gamsar da ni ta fito ne daga asibiti. A 2003 Anita Tucker da Amy Edmondson na jami'ar Harvard suka wallafa sakamakon wani bincike. An bi ma'aikatan jinya 26 a asibitoci 9, aka kalle su suna aiki na tsawon awa 239. Ba asibitocin da suka lalace aka zaɓa ba, waɗanda suka yi suna wajen kula da marasa lafiya ne. Duk da haka an ga nas tana cin karo da cikas a kai a kai: magani bai iso ba, kayan aiki ya ɓace ko ya lalace, umarnin likita bai fito sosai ba. A kowane duti na awa 8, kimanin minti 33 suna tafiya a wajen kewaye irin waɗannan. Kuma a kashi 93 cikin 100 na lokutan, nas ɗin ta warware matsalar gabanta ta wuce, ba ta sanar da wanda zai iya toshe tushen ba.

Misalinsu na zanin gado ya isa. Zannuwa sun ƙare a wannan ɗaki, nas ta taka zuwa ɗakin maƙwabta ta kwaso nasu. Mara lafiyarta ya samu shimfiɗa mai tsabta, ita ta yi abin da ya dace. Amma sashen wanki bai san an yi ƙaranci ba, ɗakin da aka kwashe wa zai wayi gari babu, su ma su je su kwaso na wani. Matsalar ba ta mutu ba, gida kawai ta canja. Masu binciken sun kuma lura cewa idan nas za ta nemi taimako, takan nemi wadda suka saba da ita, ba wanda ke da ikon gyara ba. Dalilan duk na mutanen kirki ne. An tarbiyyantar da ita a kan cewa ƙwararriya ba ta kai ƙara, ba ta da sararin rubuta rahoto alhali wani na kiranta, kuma akwai daɗi a ce kai ne ka ceci lamari. A nan ne ƙullin yake: gwargwadon ƙwarewar ma'aikaci a maneji, gwargwadon makantar na sama. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma idan kullum yana tara kwano cikin dare ya zubar kafin gari ya waye, mai gida zai rantse rufinsa lafiya lau. Shi ya sa Tucker da Edmondson suka ce ma'aikacin da asibiti ke bukata ba mai haƙuri da shiru ba ne. Mai ƙorafi ne, wanda zai kashe wutar gabansa sannan ya je ya dami manaja da sashen da abin ya fito.

Wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a asibitin gwamnati a ƙasashenmu ya ga wannan da idonsa. An ɗauke wuta, nas ta kunna fitilar wayarta ta nemi jijiya. Safar hannu ta ƙare, a rubuta wa mai jinya ya sayo a kemis na bakin ƙofa. Sakamakon gwaji zai daɗe kafin ya iso a takarda, sai a ɗauki hotonsa a tura wa likita ta WhatsApp. Babu mai hankalin da zai zargi waɗannan mutane, da ba don su ba da asarar rayuka ta fi haka. Amma a lura da abin da ke biyo baya. Safar da mai jinya ya sayo ba ta shiga lissafin asibiti, don haka a takarda asibitin bai yi ƙarancin safa ba, kuma kasafin baɗi zai fito daidai da na bana. Ita kuwa dabarar WhatsApp ta nuna wata bukata ta gaskiya, har ta nuna maganinta, amma tunda ba a yarda ana yi ba, babu wanda ya zauna ya tsara wa za a sa a zauren, wa za a cire in ya bar aiki, da yadda za a kare sirrin mara lafiya.

Idan aka zauna aka karanta dabarun kamar yadda likita ke karanta alamun ciwo, abin da ake samu yana da yawa. A 2008 Ross Koppel da abokan aikinsa suka duba yadda nas-nas a wasu asibitocin Amurka suke yi da tsarin ba da magani mai amfani da lambar layi-layi, irin wadda ke jikin kayan kanti. Ƙa'idar ita ce a haska lambar da ke ɗaure a hannun mara lafiya, a haska ta jikin magani, kwamfuta ta tabbatar sun dace. Sun ƙirga hanyoyin kewaye iri 15. Wasu sun buga kwafin lambar mara lafiya sun manna a jikin keken kwamfuta, ko a dokin ƙofa, ko sun rataya a ɗamararsu, su haska daga nan ba tare da sun je bakin gado ba. Wannan ya rushe manufar tsarin gaba ɗaya. Amma masu binciken ba su tsaya a nan ba, suka nemi dalilai suka samu iri 31: lambar hannu ta jiƙe ko ta goge ba ta karantuwa, batirin na'ura ya mutu, sabis ba ya kaiwa wasu ɗakuna, magani ya zo daga sito babu lamba. Da za a tara nas-nas a yi musu faɗa, ko ɗaya daga cikin 31 ɗin ba zai gyaru ba. Za dai su koyi ɓoye kwafin a aljihu.

Kada a ɗauka ina cewa duk dabarar da ma'aikaci ya ƙirƙiro alheri ce da ke jiran a gano ta. Wata tana kisa, kuma ta fi yin kisa bayan ta daɗe tana aiki lafiya.

Ranar 25 ga Mayun 1979 jirgin American Airlines mai lamba 191, ƙirar DC-10, yana tashi daga Shikago sai injinsa na hagu ya ɓalle gaba ɗaya. Mutum 271 da ke ciki da mutum 2 a ƙasa suka rasu. Bincike ya koma kan wani gyara da aka yi wa jirgin a garin Tulsa wata biyu kafin nan. Kamfanin da ya ƙera jirgin, McDonnell Douglas, ya tsara a fara sauke inji, sannan a kwance ƙarfen da ke rataye shi a jikin fiffike. Injiniyoyin American suka ga za a iya sauke su tare a matsayin abu ɗaya, a tallafe su da motar ɗaga kaya mai yatsu biyu. Dabarar ba ta ragwaye ba ce. Tana rage kusan awa 200 na aikin hannu a kowane jirgi, tana kuma rage wayoyi da bututun da za a kwance daga 79 zuwa 27, wanda shi kansa rage haɗari ne. Abin da ba a auna ba shi ne cewa motar ba ta da saitin da irin wannan aiki ke bukata. In ta goce kaɗan, nauyin inji zai danne ƙarfen ya tsaga shi a inda ido ba ya gani. Tsagar ta yi ta faɗaɗa da kowane tashi har ranar da ta rabu.

Abin da ya fi ciwo a labarin shi ne an riga an sani. Kamfanin Continental yana amfani da irin wannan hanya, kuma sau biyu, a Disambar 1978 da Fabrairun 1979, ma'aikatansa sun tsaga ƙarfen a wurin gyara. Sun lura, sun gyara, aka rubuta abin a matsayin kuskuren ma'aikaci, bai kai ga hukumar kula da jiragen sama a matsayin haɗarin da ke cikin hanyar kanta ba. Dabarar ta yaɗu tsakanin kamfanoni, gargaɗinta bai bi ta ba. Da aka tsayar da jiragen DC-10 bayan haɗarin aka bincika, sai aka samu wasu da irin wannan tsaga suna ta jigilar mutane.

A Japan an ga wani salon. Ranar 30 ga Satumban 1999, a masana'antar sarrafa yuraniyom ta kamfanin JCO da ke Tokaimura, ma'aikata suna narka sinadarin a bokitan ƙarfe suna juyewa da hannu. Ba a ranar suka ƙirƙiro bokitin ba. Shekaru ana yi don ya fi sauri, har kamfanin ya shigar da shi cikin wani kundin aiki na cikin gida da hukuma ba ta amince da shi ba. A ranar sai aka ƙara kewaye a kan kewaye, suka juye ruwan a wani tanki mai faɗi maimakon siririn da aka tanada. Sirantar wancan ba ado ba ce, an yi shi haka ne don kada yuraniyom ya taru a siffar da zai kama da kansa, wato ya shiga fitar da tururin nukiliya mai kisa. Sun zuba kusan kilo 16 inda iyaka take kilo 2.4. Ya kama, ya yi kusan awa 20 kafin a shawo kansa, aka ce wa mutum sama da 300,000 su zauna a gida, biyu daga cikin ma'aikatan uku suka mutu daga baya. Wannan ya nuna rubuta dabara a kundi ba shi ne koyo ba. JCO ya rubuta tasa. Abin da babu shi ne wanda ya san dalilin dokar ya zauna da wanda ya san wahalar binta. Diane Vaughan, da ta yi nazarin fashewar kumbon Amurka Challenger ta 1986, ta bayyana yadda hakan ke faruwa: an kauce kaɗan ba a ga komai ba, sai kaucewar ta zama ita ce daidai, daga ita kuma a sake kaucewa. Yau lafiya, gobe lafiya, sai a ɗauka lafiyar hujja ce.

Saboda haka dabara ba ta da makoma ɗaya. Wata idan an duba ta sai a ga ta fi hanyar da ke rubuce, a ɗauke ta ta zama ƙa'ida. Wata ba ta da kyau amma tana nuna ciwo na gaskiya, sai a gyara ciwon ta mutu da kanta, kamar lambar da aka manna a dokin ƙofa. Wata kuma dole a hana ta, a kuma bayyana dalili, don hanin da babu dalili kwana kaɗan yake yi. Akwai ta huɗu da ba ta cikin wannan magana sam, ko da yake tana son fakewa a ciki: ɓarauniyar hanyar da ake bi don aljihu, a ce fayil ba zai motsa ba sai an san yadda aka yi. Tambayar da ke raba su ita ce wa ya amfana, aikin ko mai yin sa. Ma'anar ita ce ba za a san wacce ce wacce ba sai an gan ta, kuma ba za a gan ta ba muddin nuna ta yana jawo hukunci.

Masu jiragen sama a Amurka sun koyi wannan da tsada. A Disambar 1974 jirgin kamfanin TWA ya daki wani dutse a jihar Virginia yana shirin sauka, mutum 92 suka mutu. Makonni 6 kafin nan matuƙan wani jirgin kamfanin United sun tsallake rijiya da baya a kan dutsen nan saboda irin rashin fahimtar umarnin sauka da ya halaka na TWA, sun kuma kai rahoto a cikin kamfaninsu, amma labarin bai fita waje ba. A 1976 aka kafa tsarin kai rahoto na sirri, aka damƙa shi a hannun NASA, hukumar binciken sararin samaniya, wadda ba ta da ikon hukunta kowa. Wanda ya kai rahoton kuskurensa cikin kwana 10 yana samun sassauci, in ba ganganci ko laifi ya aikata ba. An gane cewa hannun da ke riƙe da bulala ba shi ake miƙa wa gaskiya ba.

Toyota ta bi ta wata hanyar, ta rage wa ma'aikaci bukatar yin maneji a ɓoye tun farko. A layin haɗa mota ta rataye igiya a saman kowa. In ƙusa ta ƙi shiga ko kaya bai zo daidai ba, ba a so ka buga da guduma ka wuce, ana so ka ja igiyar. Shugaban rukuni zai iso nan take, in an warware kafin mota ta kai iyakar wurinka layi ya ci gaba, in ba a warware ba ya tsaya. Takardar yadda ake aikin kuma ba daga wani ofishi mai nisa take saukowa ba, rukunin ne ke gyara ta idan sun gwada sabuwar hanya ta fi. A Fremont ta Kalifoniya, masana'antar General Motors da aka rufe a 1982 ta yi ƙaurin suna da motoci masu lahani, a lokacin da dokar ita ce layi ba ya tsayawa ko me ya faru. Da aka sake buɗe ta a 1984 da haɗin gwiwar Toyota, akasarin ma'aikatan na da ne aka dawo da su, kuma ba da daɗewa ba ingancin motocinsu ya shiga sahun gaba a duk kamfanin.

Igiyar ita ake ɗauka a hoto, amma ba ita ce mai tsadar ba. Mai tsadar shi ne mutumin da ke zuwa idan an ja ta. Toyota tana ajiye shugaban rukuni ga kowane 'yan ma'aikata ƙalilan, wanda ba a cika masa hannu da aikin layi ba, don ya samu sararin amsa kira. Xerox ta ware lokacin ƙwararrun masu gyaranta don su zauna su tantance dabarun wasu, lokacin da a lissafin manaja da sun yi shi suna gyaran injin da ke kawo kuɗi. A asibitocin da Tucker da Edmondson suka duba kuwa, sun tarar an janye manajojin jinya daga ɗakunan marasa lafiya da sunan ba ma'aikata 'yancin warware matsalarsu, alhali nas ba ta da ikon umartar sashen wanki ko na magani. Aka bar ta da 'yancin zuwa ɗakin maƙwabta ta kwaso zani.

A aikin gwamnati a Nijeriya mutum yana ritaya ne idan ya kai shekara 60 ko ya cika 35 yana aiki. Kusan kowane ofis yana da dattijon da ya kusa kaiwa, wanda ya san inda tsofaffin fayiloli suke, ya san wace takarda ce ke maƙalewa a wane tebur da yadda ake zaga ta, ya san janareto ba ya tashi sai an taɓa wata waya. Idan ranar ta zo akan yi masa walima, a ba shi agogon bango da takardar yabo. Takardar miƙa aiki da zai bari tana lissafa kujeru da kabad da makullai.